Maganar turaren nan da kika tambaya

Ɗiyata na ga saƙonki tun jiya da dare, caji ne ya ƙare mini. Kin ce a wasan kwaikwayon nan na Shekspiya da za ki fito a matsayin matar Makbes, ba ki gane abin da ya kawo zancen turare a bakinta ba, mace tana yawo cikin barci tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai sa ɗan hannun nan nata ya yi ƙamshi ba, kuma wai ko ki ɗaga murya a wurin. Kar ki ɗaga. Abin da kika yi ke nan ran Asabar wurin repetisiyo, wato gwajin wasa, na yi shiru ne don kar in ba ki kunya gaban yara.

Koma baya kashi na 2, daren da mijinta ya kashe sarki Dankan na Sikotilan, baƙonsu ne fa, a gidansu ya sauka ya ci ya kwanta. Makbes ya fito hannu duk jini jikinsa na ɓari yana cewa ko tekun duniya kaf ba zai wanke shi ba sai dai tekun ya rine ya koma ja, ita kuwa budar bakinta sai ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa ya wanke mu, kamar wadda miya ta taɓa wa yatsa. To Shekspiya bashi ya rubuta mata da wannan magana, a kashi na 5 ya zo karɓa. Wasan tun wajen 1606 ne amma bashin bai tsufa ba.

Me ya sa turare ba sabulu ba? Don babu jini a hannun, ko ɗigo, saura hanci. Tuna ranar layya, an gama fiɗa kin wanke hannu sau uku da omo kin zauna cin tuwo, kina kai loma baki ƙarnin na nan maƙale tsakanin yatsu. Kuma ke 'yar Birni ce ba sai na faɗa miki ƙarfin humra da turaren wuta ba, zane ɗaya aka turara sai ya kwana uku bai saki ba, to ita tana cewa a tattaro na Larabawa duka, ba zai yi ba. Kalmar da nake so ki riƙe ita ce "ɗan hannu". Matar da a farkon wasa ta roƙi aljanu su cire mata tausayin mata, yau ta koma ƙarama tana kallon hannunta kamar yarinyar da ta ƙone. Wa ke ihu a wannan hali?

Mai yi mata hidima ta gaya wa likita tana iya minti 15 tana murza hannu, kuma ta hana a raba ta da haske. Shi kansa likitan cewa ya yi ta fi bukatar mai addu'a a kan mai magani. Saboda haka ido buɗe amma ba ki ganin kowa, kar ki kalli 'yan kallo ko sau ɗaya, kuma don Allah ki bar jambakin nan da kike shafawa a tafi, ɓata aikin yake. Ki shinshina hannun tukuna, ki ja numfashi, sannan maganar ta fito ƙasa ƙasa.

Gobe bayan la'asar a MJC, gidan matasa da al'adu, ki zo da fitilar ƙwai ta gidanku, tamu gilashinta ya fashe.