Motata ta koma shan mai, ko in cire tamostat?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina tuƙa tasi a Garwa, Corolla mai injekta. Tun da litar fetur ta kai sefa 840 a 2024, zuwa-zuwa ma, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake sayarwa a bakin titi, ta daina araha, duk abin da na samu a tanki yake ƙarewa, ga iyali. Wani bakanike ya ce a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a kuma ɗaura maganaɗisu a tiyon mai. Zai rage shan man?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi. Maganar maganaɗisu ka bar ta, fetur ba ƙarfe ba ne, kuɗinka kawai za a ci.

Tamostat ɗin nan kuwa, wallahi na gaji da maganarsa. Kusan duk motar da aka kawo mini, in na kwance sai in tarar da gurbinsa fayau. Hujjarsu ɗaya ce kullum: wai don sanyin Turai aka yi shi, mu nan zafi gare mu. To wanne zafi? Ranar Garwa a watan Afrilu ta wuce digiri 40 kaɗan, injin kuwa wajen 90 yake so. Aikin tamostat ya tsare ruwa har injin ya ɗumama, a wajen digiri 82 ya buɗe wa lagireto hanya. Da ka cire shi, ga fanka na juyawa tun daga tayar da mota, injin ba ya kai zafinsa, balle da asubar hunturu. Ƙwaƙwalwar mota ta ga sanyi, ita ba ta san an yi mata wayo ba, sai ta yi ta ƙara wa nozul mai. Ka je neman ragi, ka sayo ƙari.

Ba nan ta tsaya ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Zaro sandar gwajin mai ka shinshina, in ka ji warin fetur, ɓarna ta fara. Daga nan sai fulogi su yi baƙi, ringi su cinye, sai sauke injin. Wanda ya cire maka ɗin kuma shi zai karɓi kuɗin aikin, bai ko ji kunya ba! In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa.

Ka tabbatar tamostat na nan kuma yana aiki, ka canja matatar iska don ƙurar garin nan ba ta wasa, ka duba fulogi da iskar tayoyi. Zuwa-zuwa in dole ce, tace ta kafin ta shiga tanki. Sannan ka lura da allurar zafi: bayan 'yar tafiya ta zauna kusan tsakiya. In tana kwance ƙasa har ka kai kasuwa, kawo motar a duba.