Digirin aikin jinya: me ake nema kafin a shiga?

Ƙanwata daga Argungu, kin ce kin gama sakandare kina son digirin jinya har zuwa na biyu, amma sharuɗɗan sun rikita ki.

Fara da takardarki ta WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar: Ingilishi, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik, a zama ɗaya ko biyu. Fizik ɗin nan shi ke kayar da yaranmu da yawa, wallahi abin yana damuna. In babu shi, sake zama kawai. A JAMB ma Ingilishi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik za ki cike, kada mai shagon kwamfuta ya sa miki Lissafi.

Karatun shekara 5 ne. Farko kimiyya zalla, sannan ilimin sassan jiki da magunguna, daga nan sai zaman asibiti, har da kwanan dare. A ciki za ki rubuta jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ƙasa, wadda ke ba da lasisi. Bayan kammalawa akwai shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Wadda ta riga ta yi makarantar jinya, a Birnin Kebbi ko Gusau, tana da lasisi, daga aji biyu take farawa.

Digiri na biyu kuwa sai da na farko a jinya, sakamako mai kyau, lasisi mai aiki da takardar bautar ƙasa. Bincike ne ƙashin bayansa.

Kafin ki biya ko sisi, tabbatar hukumar ta amince da sashen jinya na jami'ar. Makin shiga yana canzawa duk shekara, don haka ki tuntuɓi ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kika zaɓa, kamar Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Ahmadu Bello ta Zariya.