Sharon na cinye min tumatir duk da feshin da nake yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomin rani ne a yankin Kura ta jihar Kano. Tun shigowar bazara tsutsar sharon ta sauka a tumatirina, ganye ya bushe kamar an babbaka shi, 'ya'yan kuma duk huji. Mai sayar min da magani ya haɗa min kala uku a gora ɗaya, ya ce in ninka awo, in riƙa feshi duk bayan kwana biyu. Sati uku ke nan abin sai gaba yake yi, ga yarona mai feshin yana kukan ciwon kai da jiri. Da bashi na yi noman nan. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin maganar tumatir, ka dakatar da yaron nan daga feshi yau, ka kai shi asibiti tare da kwalaben magungunan domin likita ya san abin da ya shaƙa. Ciwon kai da jiri bayan feshi alamar guba ce, kuma nono ko manja da ake ɗura wa mutum ba sa karya ta.

Sharon, wadda masana ke kira Tuta absoluta, ita ce ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. Tsutsar takan shige cikin naman ganye ta riƙa ci daga ciki, shi ya sa magunguna irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, waɗanda sai sun taɓa jikin ƙwaro suke kashe shi, ba sa isa gare ta yadda ya kamata. A zafin Maris da Afrilu ba ta wuce wata guda daga ƙwai zuwa uwa, kuma uwa ɗaya na iya zuba ƙwai sama da 200.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan haɗe-haɗen, domin kusan kullum sai na gamu da manomin da aka yi wa shi. Mutane sun ɗauka cewa idan magani ɗaya ya gaza, to uku za su yi, idan murfi ɗaya bai kashe ba, biyu za su kashe. Ba haka ba ne. Sau da yawa kwalabe ukun nan sinadari ɗaya ne ko danginsa, sunan kamfani kawai ya bambanta. Duk feshin da aka yi, tsutsotsi masu rauni ne ke mutuwa, masu juriya su tsira su hayayyafa, har a wayi gari gonar ta cika da irin da maganin ba ya yi wa komai. Ƙwarin da ke cinye ƙwan sharon kuwa, waɗanda suke taimakon manomi kyauta, su ne na farkon mutuwa. Wanda ya zuba maka ruwa a gorar da ba ta da suna ba ta da lambar NAFDAC, bai san me zai faru ba idan sinadaran suka gauraya, kuma ba shi zai goya famfon a bayansa cikin rana ba. Har maganin ƙwarin nan Sniper na ga ana tsiyayawa a ciki, a yi feshi da yamma, da safe a tsinki tumatir a loda kwanduna zuwa kasuwar 'Yankaba ta Kano, alhali a jikin kowane magani na gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira kafin tsinka. Wannan hakki ne a wuyan manomi da mai sayarwar baki ɗaya.

Yanzu ka tsinke ganye da 'ya'yan da suka kamu, ka binne su da zurfi ko ka ƙone, kada ka watsar a bakin gona. Ka nemi magani ɗaya mai rajista wanda sinadarinsa emamectin benzoate ne ko spinosad ko chlorantraniliprole, ka bi awon da aka rubuta, ka yi feshi da yamma har ƙarƙashin ganye, da safar hannu da takunkumi da doguwar riga. Bayan wata guda ka canja zuwa wani sinadarin daban. Idan fiye da rabin gonar ya ƙone, gara ka tsinki abin da ya rage ka tuge sauran, kuma kada ka bi wurin da yalo ko dankalin Turawa, domin su ma tana cinsu.