Hannu Ya Riga Tunani

Tambaya: Me ya sa idan na taɓa tukunya mai zafi hannuna ke janyewa tun ban ji zafin ba? Haka direba ke taka birki ba tare da tunani ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Abu biyu ne daban, 'yar'uwa. Na tukunya halitta ce: jijiyoyin fata su aika saƙo zuwa lakar gadon baya, ita kuma nan take ta umarci tsokar hannu ta janye, tun saƙon bai isa ƙwaƙwalwa ba. Shi ya sa raɗaɗin ke biyo baya.

Na direba kuwa sabo ne, maimaici ya sa ƙafa ta haddace wurin birki. Duk da haka sai ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, abin da kan ci daƙiƙa ɗaya ko fiye. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana shafe kusan mita 28 a daƙiƙa guda, don haka bin bayan tirela kurkusa ganganci ne.

Wani lokacin saurin hannun ne ke jawo ɓarna. Mai ya kama da wuta a kasko, sai hannu ya rarumo ruwa. Ruwan zai nutse ƙarƙashin man, ya zama tururi nan take, ya watsa wutar har fuska. Kashe gas ko risho, ki rufe kaskon da murfin ƙarfe, kada ki ɗaga sai ya huce. Ki riƙa ajiye murfin kusa duk lokacin suya.