Amsa ga mai tambaya kan dashen mangwaro da lemu a lokacin hunturu

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka, ka ce ka dasa mangwaro mai aure (wato wanda aka ɗora reshen iri mai kyau a kan na gargajiya) da lemu da gwaiba a watan Yuli, sun kama sun yi kyau, amma tun shigowar hunturu bakin ganyen yake ƙonewa yana naɗewa, wani ma yana zuba. Kana son sanin ko sanyi ne yake kashe su, kuma ko ka zuba musu takin zamani su farfaɗo.

Takin nan dai dakata da shi tukuna. Takin zamani, musamman yuriya, in ya haɗu da busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi. Ko bai ƙona ba, zai sa dashen ya fitar da sabon toho mai laushi, iskar nan ta soye shi cikin 'yan kwanaki, ka ga an yi asarar taki an kuma raunana itacen. Ajiye buhunka sai ruwa ya sauka sosai, wajen watan Yuni.

Batun sanyi kuwa, na daɗe ina aikin lambu a nan yankin Kano, ban taɓa ganin mangwaron da sanyinmu ya kashe ba. Da asuba a watan Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 12 ko ƙasa kaɗan, mu mu ji kamar za mu daskare, amma mangwaro da lemu sai sanyi ya kusa kai ruwa ga ƙanƙara yake yi musu illa ta gaske, irin wanda ake yi a Turai. Abin da ke cin dashenka ƙishirwa ce. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta iso mana babu ɗigon laima a cikinta. Da rana danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Yadda take fasa maka leɓe da dunduniya, haka take zuƙe ruwan ganye, ga dashen wata biyar saiwarsa ba ta yi nisan da za ta mayar da abin da aka zuƙe ba. Sai ya naɗe ganye don rage asara, in abin ya ci tura ya zubar.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne, tunda su ba sa jin ƙishirwa da sanyi, sai su ɗauka itace ma haka. Sai ka ga mutum ya zo da buta ya yayyafa ruwa a gindi kullum, yana ganin ya yi ƙoƙari. Wannan yayyafin ya fi komai cutar da dashe, domin saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taso sama tana bin danshi, kafin azahar iska ta busar da wajen. Gara ka ba shi ruwa mai yawa jefi-jefi. Ka ja ƙasa ka yi wa kowane dashe da'ira kamar kwano, faɗinta kamu ɗaya ta kowane gefe, amma ka bar ɗan tudu a jikin gindin don kada ruwa ya kwanta masa, lemu musamman ba ya son haka, gindinsa ruɓewa yake yana fitar da ƙaro. Ka juye jarka guda mai lita 20 ko 25 a hankali ta nutse. In ƙasarka jigawa ce, duk bayan kwana uku; in laka ce mai riƙe ruwa, sau ɗaya a mako na iya isa. Kada ka dogara da lissafina kaɗai, ka tona da yatsa gefen da'irar: in ka ji danshi a zurfin yatsa, ƙyale shi sai gobe. Da safe ya fi, kafin iska ta tashi.

In ruwa na yi maka nisa, nemi tulun ƙasa, ka binne shi har wuya kusa da dashen, ka cika ka rufe bakin. Jikin tulu yana tsattsafo da ruwa a hankali daidai inda saiwa take, ba abin da ke tafiya a banza. Masu dashe a cikin gida kuma, ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, amma ban da ruwan wanki mai omo ko bilic.

Bayan ruwa sai rufin gindi, kuma a ganina wanda bai rufe ba rabin wahalarsa iska yake yi wa. Busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, ƙaiƙayi, duk abin da ka samu, ka shimfiɗa da kauri kamar yatsu huɗu a cikin da'irar. Na san za a ce gara, kuma gaskiya ne, gara tana son wannan shimfiɗa, da rani kuma takan hau dashen da ya galabaita. Maganin shi ne kada ciyawar ta taɓa jikin itacen, ka bar tazarar tafin hannu, ka barbaɗa toka kaɗan a wannan tazarar, ka riƙa ɗaga ciyawar kana dubawa duk ranar ban ruwa. In ka ga ta fara ginin ƙasa a jikin gindi, ka kankare nan take. Ni nakan haɗa da ganyen darbejiya a cikin shimfiɗar, yana rage ta, ko da yake ba ya korar ta gaba ɗaya.

Sai ka tare iskar kanta. Guntun zana ko tsohon buhu a kafa da sanduna ta gefen arewa da gabas ya wadatar, sama a buɗe don rana. Kada ka lulluɓe dashe da leda wai kana kare shi daga sanyi, da rana ta take sai ledar ta dafa shi. Zanar ma ba ta hana akuya, ga shi yanzu an gama girbi an saki dabbobi, koren ganyen da ya rage a fili naka ne. Ka kewaye da ƙayar magarya ko bagaruwa, ko keji in da hali. Ka kuma share busasshiyar ciyawa a zagayen gonar da faɗi, saboda yara masu farautar gafiya da ɓera ba sa tambayar mai gona kafin su kunna wuta.

Tunda ka ce mai aure ka saya, duba ƙasan wurin auren. Duk tohon da ya fito daga nan na uwar ne, wato mangwaron gargajiya da aka ɗora auren a kai, kuma ya fi ƙarfi. In ka bar shi zai shanye abincin, reshen da ka biya kuɗi dominsa ya bushe, bayan shekaru ka tarar kana da mangwaro mai zare. Ka cire shi da hannu tun yana ƙarami. In ledar da aka ɗaure auren da ita tana nan ta fara shiga jiki, yanke ta. Wani abin da ke ba mutane sha'awa: dashen aure yakan yi fure a hunturun farko, yana ɗan guntunsa. Tsinke furen, shekarar farko da ta biyu duka. Na san da ciwo, amma itacen da bai kai ƙugunka ba in ya ɗauki 'ya'ya tsumburewa yake.

Ga masu manyan bishiyoyi da ke karanta wannan, kada ku ɗauki abin da na faɗa ku kai kan tsohon mangwaro, nasa akasin haka ne. Sanyin dare da bushewar ƙasa su ne suke sa shi fure tsakanin Disamba da Fabrairu. In ka yi ta ɗura masa ruwa da taki daga ɗaukewar damina, ganye zai yi ta fitarwa, fure kaɗan. Ka bar shi ya ji rani, sai 'ya'yan sun ƙulla sun kai girman gujiya sannan ka koma ban ruwa, wannan yana rage zubewarsu. Sassabe ma ba yanzu ba, furen a bakin rassa yake fitowa, wanda ya sare su a Disamba amfanin shekarar ya sare. A bari sai an gama tsinka. Abin da ya halatta a cire yanzu shi ne busasshen reshe da kauci, shi kam duk lokacin da ka gan shi ka yanke reshen da ya kama daga can ƙasa da inda ya maƙale, in ba haka ba zai dawo.

Kuma ba duk zubar ganye ce mutuwa ba. Kuka tsirara take yin rani, zogale ma yakan kakkaɓe, gawo ne kaɗai mai saɓa wa jama'a, shi da rani yake kore. Gwaibarka in ka ga ganyenta ya yi ja-ja, aikin sanyi ne, zai washe da ɗumi ya dawo. Kafin ka tuge wanda kake zaton ya mutu, ka ɗan kankare ɓawon da farce: in ka ga kore da danshi a ciki yana da rai, ci gaba da ba shi ruwa. A mangwaro ka kankara a saman wurin auren, domin ƙasa na iya zama da rai alhali saman ya tafi. Wanda ya mutu kada ka maye gurbinsa yanzu, bar ramin ka zuba masa ruɓaɓɓen takin dabbobi ya jira damina.

Ka shirya wa Maris da Afrilu tun yanzu, don a nan ne aka fi asarar dashe, lokacin da iska ta kwanta zafi ya haura digiri 40. Ruwan da ke isa yau ba zai isa ba a lokacin, sai ka ƙara yawan zuwa, ka kuma ƙara kaurin ciyawar. In ka faɗa mana irin ƙasar gonar da inda kake samun ruwa, rijiya ce ko saye kake yi, sai mu ga yadda za a daidaita maka kwanakin. Allah ya raya su.