Amsa ga yarona game da aikin gayyar ƙungiyar masu wardi

Ka tambaye ni ko ya dace ka riƙa zuwa aikin gayyar da ƙungiyarmu ta masu renon furen wardi take yi ranar Asabar, alhali ba a biyan ko sisi, sannan ka ƙara da cewa wani daga cikin 'yan ƙungiyar ya nemi ka ɗebar masa dashe daga lambu, zai biya bayan an kammala baje koli. Amsar ta farko ita ce ka je. Amsar ta biyu kuwa, kada ka kuskura ka fitar da ko leda ɗaya daga lambun nan sai na ga mutumin da idona. Na zaɓi in rubuta maka ne domin na lura idan ina magana rabin hankalinka yana kan waya, kuma wannan batu ba na jin rabi ba ne.

Abin da ya fara ɓata mini rai a tambayarka shi ne maganar biya. Ku yaran yanzu ba ku ɗaga fartanya sai an faɗa muku abin da za a ba ku, kuma kuna so ku iya cikin wata uku abin da muka shafe shekaru muna durƙuso a kansa. Waɗanda za ka tarar a wurin gayyar sun haife ka: tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan jinya da suka ajiye aiki, da masu lambu irina, Musulmi da Kirista, kowa da almakashinsa. Su ne suke gyara fangalin wardi a harabar asibiti da makarantu, su datse, su kwashe ganyen da ya zuba, su koya wa sababbin shiga yadda ake yi wa wardi aure, wato haɗa idon tohon irin da ake so a jikin wani itacen wardi mai ƙarfin saiwa, su yi musayar rassan iri a tsakaninsu, kuma su shirya baje kolin shekara da gasar da ke tare da shi. A lambuna iri nawa za ka gani? Abin da nake da shi kaɗai. A gayya kuwa za ka ga wardin da aka shuka a jar ƙasa da wanda aka shuka a jigawa, wanda gara ta ci wa saiwa da wanda darɓa ta lulluɓe wa toho, ka ji yadda kowa ya yi maganin nasa. Garin Jos yana bisa tsauni, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa wardi yake jin daɗinsa fiye da sauran garuruwan Arewa, amma wannan damina tamu mai yawan ruwa ita ce take kawo baƙin tabo a ganye, kuma wanda bai zagaya lambuna a watan Agusta ba bai san wannan cuta ba tukuna.

Irin wannan ƙungiya ba mu muka fara ta ba. A Ingila an kafa tasu tun 1876, a Amurka kuma a 1892, kuma ta Amurkan ita ce take riƙe da rajistar sunayen nau'o'in wardi na duniya, tana kuma da masana da suke ba jama'a shawara kyauta bayan an horar da su. Ta Ingila, duk da tsufanta da sunanta, ta durƙushe a 2017 saboda matsalar kuɗi, aka rufe babban lambunta da ke kusa da garin St Albans. Idan wannan ya faru da su, ka yi tunanin tamu da ba ta da komai sai hannun mutanenta.

Ba zan ɓata takarda ina gaya maka yadda ake haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ko zurfin rami, ko cewa wardi yana son rana ba, domin wanda bai san wannan ba bai kamata ya shigo lambu ba. Abin da nake so ka fahimta shi ne dalilin da ya sa na hana ka ba da dashe bashi, ko da ga ɗan ƙungiya ne.

Shekarun baya, kafin ka zo wurina, wani mutum ya shigo ƙungiyar. Ya fi kowa zuwa da wuri, shi ne ɗaukar garwa, shi ne share fangali, Baba kaza Baba kaza, yana riƙe da ɗan littafi yana rubuta sunayen furanni. Na yarda da shi, dattawan ƙungiya ma suka yarda da shi. Ana nan sai ya zo mini da labarin ya samu kwangilar ƙawata wani babban gida a wani gari mai zafi da ke gangaren tsauni, kuma mai gidan ya ce ba ya son komai sai wardi mai suna. Ya nemi ɗaruruwan dashe masu aure: Queen Elizabeth mai ruwan hoda, Iceberg fari, Mister Lincoln ja mai ƙamshi, da kuma Peace, wanda a lokacin ba kowa ke da shi a garin nan ba. Peace ba ƙaramin fure ba ne. Wani Bafaranshe, Francis Meilland, shi ya samar da shi a 1935, aka fito da shi da wannan suna a Amurka a 1945, kuma da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu wardi ta duniya ta fara zaɓen gwanayen furanni a 1976, shi ta fara zaɓa. Rawaya ne mai haske, bakin kunnuwansa da ɗan ruwan hoda, kuma uwar da nake ɗibar idon toho daga jikinta na rene ta ne tamkar 'yar cikina.

Kai da kake ganin dashe a leda, ba ka san abin da ya ci ba. Sai an kafa reshen gindi, wato wanda za a yi auren a jikinsa, ya yi saiwa ya yi ƙarfi, a ba shi ruwa har ɓawonsa ya riƙa saɓulewa cikin sauƙi, sannan a tsaga ɓawon a tsaye a kuma gitta a samansa, a fere ido ɗaya daga reshen irin da ake so ba tare da yatsa ya taɓa cikinsa ba, a zura shi a ƙarƙashin ɓawon, a ɗaure da zaren leda a bar idon a waje. Bayan kamar mako uku a duba: idan idon yana nan kore kuma kututturen ganyen ya faɗi da an taɓa shi, ya kama, idan ya yi baƙi, an yi asara, a sake. Wanda ya kama sai a datse kan gindin a samansa domin duk ƙarfin itacen ya koma ga sabon toho. Haka na yi wa kowane ɗaya, a tsugune, da wuƙata, kusan shekara guda ina kan aikin wannan mutum, na ɗauki 'yan ƙwadago, na ci bashin leda da taki da man injin ban ruwa. Kowace leda na ɗaura mata katin suna da na yanka daga gwangwani, na rubuta sunan da ƙusa, domin tawada tana wankewa a damina.

Kafin alƙalamin da ya ba ni bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Da na nuna damuwa, dattawa biyu suka ce ai ɗan gida ne, wa ya fi shi zuwa gayya? Ya zo a tsakiyar bazara da buɗaɗɗiyar mota, da rana tsaka, na ce ya bari sai yamma ko ya rufe su da buhu, ya ce yana sauri. Na gaya masa baki da baki cewa a zuba ruwa a gindi da safe, kada a jiƙa ganye da yamma, kuma duk tsiron da ya fito daga ƙasan gaɓar aure a cire shi tun yana ƙarami. Ya ce ya ji, har ya rubuta a littafinsa.

Wata ya wuce babu ciko, damina ta wuce babu ciko, sai kawai na fara jin magana a gari cewa tsohon nan ya sayar wa mutane da wardin daji da sunan mai aure. Na shiga mota na je gidan da kaina. Abin da na tarar har yau idan na tuna raina yana ɓaci. An tsittsinke katunan suna duka, wai suna ɓata ado. Fangali ya cika da dogayen rassa masu ƙananan ganye, sun fi tsayina, babu fure ko ɗaya a kansu. Na durƙusa na tona gindin ɗaya da yatsa, ga gaɓar auren nan da tabon ɗaurina, reshen kirkin ya bushe ƙayau, a ƙasansa kuma tsiron gindi ya yi kaurin babban yatsa ya shanye komai. Masu ban ruwan gidan, da yake ba wanda ya gaya musu, ganin reshe mai saurin girma sai suka ɗauka shi ne mai lafiya, har suna datse na kirkin domin su ba shi wuri. Na nuna wa mai gidan, ya ce shi ya biya ɗan kwangila kuɗinsa cif tun ranar da aka dasa, don haka babu ruwansa da ni. Ɗan kwangilar kuwa ya tsaya a kan cewa kayan da na ba shi ne ba su da kyau, ba zai biya ciko ba. Sai da na sayar da injin ban ruwana kafin na sallami 'yan ƙwadago da masu bashi, na koma ɗibar ruwa da garwa da girmana.

Abin da ya fi asarar kuɗin ciwo ya zo daga baya. A baje kolin shekarar, wannan mutum ya kawo furen Peace ya ajiye a teburin gasa, alƙalai suka ba shi na ɗaya. Da 'yan ƙungiya suka kai ziyara gidansa kamar yadda aka saba yi wa wanda ya ci gasa, sai ga mafi kyawun dashena jere a tsakar gidansa, ya tsince su ya ɓoye tun kafin ya kai sauran wurin kwangila, kuma ga katunan gwangwanina rataye a jikinsu da rubutun ƙusata. Waɗanda suka san hannuna suka gane nan take. An cire shi daga ƙungiya, sunana ya wanku a wurin waɗanda suka gani, amma waɗanda suka ji ƙaryar farko a kasuwa ba duka ne suka ji gyaranta ba, kuma kuɗina har gobe ban gan su ba. Mutane suna ce mini in manta, ni kuwa na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Saboda haka ka koyi gane tsiron gindi, domin shi ne abin da ya fi kashe wardi mai aure a hannun wanda bai sani ba. Yawanci ganyensa ƙanana ne, launinsa bai kai na sama duhu ba, kuma sau da yawa za ka ƙirga 'yan ganye bakwai a jere inda na kirkin yake da biyar. Amma kada ka dogara da ƙirge kaɗai, domin akwai nau'o'in kirki masu bakwai. Ka bi reshen har inda ya fito, ka tona ƙasa idan ta kama. Idan daga ƙasan gaɓar aure ya taso, ka fizge shi daga tushensa, kada ka yanke shi da almakashi a saman ƙasa, domin yanka yana barin idanu a ƙasa, ɗaya ya koma uku. Duk wanda ya sayi dashe a wurinmu, ka nuna masa wannan da hannu kafin ya tafi, ba da baki kawai ba, kuma idan ba shi ne zai riƙa ban ruwa ba, ya zo da wanda zai yi.

Tun daga wancan abu ƙungiya ta ajiye littafi da ake rubuta kowane iri, da wanda ya kawo shi, da wanda ya yi masa aure, kuma aka daina sa bakin ƙungiya a cinikin da ke tsakanin mutum da mutum. A ganina wannan littafi ya fi kofin gasa daraja, ko da yake na san ku matasa hoton da za ku ɗauka da kofi ku sa a Facebook shi ne a gabanku. Idan aka sa ka a teburin karɓar furanni ranar baje koli, ka sani dokar gasa ita ce wanda ya kawo fure shi ya rene shi, kuma sunan da aka rubuta ya zama na gaskiya. Furen da aka sa wa sunan da ba nasa ba fitar da shi ake yi, ko na wane ne, kuma kada kunyar furfura ta hana ka kiran alƙali. Manyan furanni irin Peace ana son su tun ba su gama buɗewa ba, daga rabi zuwa kashi uku cikin huɗu, tsakiyarsu a tsaye, an yanke su da sassafe an tsoma cikin ruwa nan take, kuma an riga an cire ƙananan tohon gefe tun makonni kafin nan domin ƙarfi ya taru a guda ɗaya.

Ranar Asabar ka ɗauki tsohon almakashin, ba sabon ba, ka wasa shi, ka goge shi da sanadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ka tafi da kuma bayan ka dawo, domin ba na son ka kwaso mini cutar wani lambu. Idan an ba ka reshen iri, kada ka karɓa sai da sunansa a rubuce da sunan wanda ya ba ka, ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ka kawo mini a ranar. Shi kuma mai son dashe, ka gaya masa cikin ladabi cewa maigidanka ya ce ya zo lambu da kansa bayan la'asar, da kuɗinsa a hannu, kuma da wanda zai riƙa yi masa ban ruwa.