Shigar 'Yan Mod ta Ingila: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Manchester, wata huɗu ke nan da zuwana. Shigar 'yan Mod da nake gani a tsofaffin hotuna tana burge ni, amma fam 200 kacal na ware wa sutura, kuma jaket ɗin Baracuta ya fi ƙarfin aljihuna. In ci gaba da tari ne, ko in sayi mai araha?

Amsa: Ƙanena, sayi mai araha, ka rage canjin da za ka ba tela. Ga dalilina.

'Yan Mod na farko, wato samari 'yan gayu masu ji da sutura, waɗanda suka ɓullo a Landan ƙarshen shekarun 1950, yawancinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne: masinjojin ofis, yaran kanti, 'ya'yan teloli. Ɗan albashin mako suke tarawa, su je a gwada su a ɗinka musu kwat irin na Italiya, mai maɓalli uku da siririyar kwala, da wando ɗan matsattse da ke tsayawa a idon sawu har safa ta leƙo. Gasar da ke tsakaninsu a kan zaman kaya a jiki take. Har tsagar bayan kwat sai sun faɗa wa tela inci nawa suke so. Wannan ɗabi'a mu ma mun san ta, domin duk wanda ya taɓa mayar wa tela kaftani saboda wuya bai zauna ba ya gane abin da suke nema.

Jaket ɗin da ake kira Harrington, wato Baracuta G9, a garin da kake zaune aka fara yinsa a 1937, don masu wasan golf. Alamarsa ita ce jan shafi mai gida-gida a ciki, da kwala a tsaye mai maɓalli biyu. Kaya ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai kamfanoni da yawa suna ɗinka irinsa a kuɗi kaɗan. In za ka saya, duba abu uku: ɗinkin kafaɗa ya sauka daidai kan ƙashin kafaɗarka, robar ƙugu ta tsaya a kan bel, yadin kuma ya zama mai auduga da yawa, kada ya riƙa sheƙi kamar leda. Ka zaga shagunan gwanjo na titin Oldham da cikin kasuwar Afflecks, ana dacewa da kaya masu nagarta a can.

Abin da ya fi damuna shi ne sanyi. Harrington rigar bazara ce da kaka, ba za ta tsare ka a watan Janairu ba. Su kansu 'yan Mod doguwar koriyar rigar sojan Amurka ta zamanin yaƙin Koriya, wadda ake kira M-51, suke ɗorawa kan kwat idan za su hau Vespa ko Lambretta, don kada ruwa da man babur su ɓata musu kaya. Vespar nan ita ce dai wadda iyayenmu suka riƙa hawa zuwa ofis a Kaduna da Zariya. Da ni ne kai, rigar sanyin zan fara saya, sannan wando biyu da tela zai rage musu tsawo, Harrington ya jira watan Afrilu.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na sayi takalmin Dr. Martens da taguwar Fred Perry, kuma kaina kullum a aske yake ƙwal. Wani abokin aikina a Birmingham ya ce wannan shigar masu ƙin baƙar fata ce. In daina sawa?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka daina. Abokin naka ya san rabin labarin ne.

Shigar 'yan ƙwal-kwabo da Turawa ke kira skinhead ta fito ne ƙarshen shekarun 1960, daga cuɗanyar 'yan Mod na unguwannin leburori da samarin Jamaika da iyayensu suka yi ƙaura zuwa Ingila. Gidajen rawa ɗaya suke zuwa, kiɗan ska da rege suke ji tare. Ɗangalallen wando, ƙaramar malafa da gajeren aski mai tsaga, da yawa daga wurin yaran Jamaika aka kwaikwaya. Sai a shekarun 1970 da 1980 ƙungiyoyin wariya irin su National Front suka ja wani ɓangare na waɗannan samari, sunan ya ɓaci. A daidai lokacin, a 1979, makaɗan 2 Tone suka taso a Coventry, kusa da kai, baƙaƙe da farare a dandali ɗaya, sanye da wannan shiga, suna yaƙar wariyar. Raina yana ɓaci duk sa'ad da na ga yaronmu yana jin kunyar kayan da baƙar fata ke da hannu a kafuwarsu.

Shi takalmin, samfurin 1460 mai huda takwas, ranar 1 ga Afrilu 1960 aka fara fitar da shi a Northamptonshire, kuma 'yan ƙwadago da masu raba wasiƙu ne suka fara sawa. Fred Perry kuwa ɗan wasan tanis ne da ya ci gasar Wimbledon sau uku a jere, 1934 zuwa 1936, taguwarsa ta fito a 1952.

Hattara biyu kawai. Bar baƙar igiyar da takalmin ya zo da ita, ko ruwan ɗorawa, domin a wasu wurare ana fassara fara ko jar igiya da alamar 'yan wariya. In kuma tafiya Amurka ta kama ka, bar baƙar Fred Perry mai ratsin ɗorawa a gida: a 2020 kamfanin ya sanar cewa ya daina sayar da ita a Amurka da Kanada saboda ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi ta Proud Boys ta mayar da ita kamar inifom.

Tambaya: Malam, askin 'yan Mod mai gezar nan a goshi yana yiwuwa da irin gashinmu?

Amsa: Sai da man miƙar da gashi, kuma ban ba ka shawarar haka ba, yana cin fatar kai. Ka ce wa mai aski ya sa lamba biyu ko uku a kilifa ya bi kan duka daidai wa daida, ya gyara goshi da ƙeya, in kana so ya fitar da siririyar tsaga a gefen hagu. Haka samarin Jamaika na unguwar Brixton a Landan suke yi, kuma aski ne da za ka shiga gaban surukai da shi hankali kwance. Duk mako biyu ka koma.

Tambaya: Yaya, daga Kano nake rubutowa. Wana zai dawo daga Landan, ya ce in zaɓi takalmi ɗaya. Dr. Martens ko Clarks?

Amsa: Clarks, samfurin Desert Boot, ba tare da dogon tunani ba. Dr. Martens yana da nauyi, yana cizon dunduniya makonni kafin ya saba da ƙafa, ga zafin Afrilu a Kano. Shi kuwa Desert Boot asalinsa ma na ƙasar zafi ne: Nathan Clark ya kwaikwayo shi daga takalman da hafsoshin Birtaniya ke sayowa a kasuwar Alƙahira lokacin yaƙin duniya na biyu, aka fara sayar da shi wajen 1950. Huda biyu ce kawai a kowane gefe, ƙasansa ɗanyen roba ne mai laushi, kuma 'yan Mod sun riƙe shi domin yana shiga da kwat, yana shiga da jins. Na gwada shi da yadi ɗinkin tazarce, ya zauna ɗas.

Zaɓi launin ƙasa-ƙasa, ƙurar hunturu ba za ta nuna a jikinsa ba. Fatarsa irin mai gashi-gashi ce, ba ta son man takalmi, buroshi kawai take buƙata, don haka ka gargaɗi mai shushaina tun kafin ya buɗe gwangwani. Da damina ka ajiye shi, robar tana santsi a jiƙaƙƙen siminti, fatar kuma tana tabo. Yakan zo da ɗan yalwa, saboda haka ka taka farar takarda ka zana ƙafarka, ka auna tsawon da santimita, ka tura wa yayan naka kafin ya shiga kanti.